Kafin ka danna Export, karanta wannan zaren

1/ Masu Revit da ArchiCAD, ku matso, yau da ku nake. Ka yi sati kana gina gida a kwamfuta, ka fitar da hoto mai ƙyalli, jama'a suna ta "kai, wannan gida!" Sai injiniya ya ce turo DWG. Ka danna Export, ka danna OK, ka jefa masa ta WhatsApp, ka kwanta. Shi kuma can ya buɗe ya dafe kai. Zare ne, dogo kuwa 🧵

2/ Ra'ayina tun farko, kada a ce na yi ta kewaye: fayil ɗin da ka fitar aikinka ne, daidai da yadda samfurin yake aikinka. In ya isa hannun mai karɓa a hargitse, kai ka hargitsa shi. Revit ya ba ka akwati guda na saiti mai shafuka takwas, kai ne ba ka taɓa buɗe shi ba.

3/ Ga waɗanda ba 'yan harkar ba amma suka tsaya kallo: Revit da ArchiCAD gidan suke ginawa a cikin kwamfuta. Bango ya san shi bango ne, ya san kaurinsa da tsayinsa da abin da aka yi shi da shi. Ka matsar da shi, ƙofar jikinsa ta bi shi, awon ɗakin ya canza da kansa.

4/ AutoCAD kuwa, wanda ya fito tun 1982, layi ya sani. Layi biyu a jere, kai ne ka san bango ne, shi bai sani ba. To fitar da samfuri zuwa DWG tamkar ka ɗauki ginin nan mai wayo ne ka danne shi ya koma layuka a shimfiɗe. Kusan duk abin da ya sani yana zubewa a hanya.

5/ Abu biyu ne ke tsira: leya da awo. Leya fa, ba laya ba 😅 Ka ɗauke ta kamar takardu masu shara-shara da aka jera kan juna: ɗaya bango kawai, ɗaya ƙofofi, ɗaya kujeru, ɗaya rubutu. Mai karɓa ya cire wadda ba ya so, ya bar wadda zai yi aiki da ita. Awo kuma shi ne lambar da birkila zai auna da tef.

6/ Bari in ba ku labarin da ya sa nake ɗaukar zafi a kan wannan magana. Lokacin ina sabon shiga a wani ofishin injiniyoyi, aka turo mana zanen wani gida mai bene ɗaya. Aikina in zauna a kan zanen, in jera ginshiƙai, wato fila, a inda bangwaye suka haɗu, oga ya yi lissafin rodi.

7/ Na yi yadda aka koya min. Na kama kusurwar layin bango, na dasa fila, na kama ta gaba, na dasa. Awon zanena na fitar da shi daga inda layukan suke. Ban tsaya karanta lambobin mai zane ɗaya bayan ɗaya ba, don a tunanina lamba da layi abu ɗaya suke faɗa.

8/ Ashe mai gida ya ce a ƙara masa faɗin ɗakin kwana daga 3450 zuwa 3600. Mai zanen, maimakon ya matsar da bangon a samfurin, sai ya goge lambar ya rubuta 3600 a kai. Bango na nan inda yake. Lamba ta ce ya matsa, layi ya ce bai matsa ba.

9/ A wurin gini, masu kankare suka bi takardarmu suka zuba fila. Birkila ya zo daga baya da takardar mai zane, ya ja igiyarsa bisa lambar da ya gani. Bango ya tashi can, fila tana nan, tsakaninsu milimita 150. Faɗin bulo mai inci shida ke nan cif.

10/ Ba zan manta fuskar dattijon birkilan nan ba. Ya nuna min takardu biyun ya ce, "Injiniya, wanne ne na gaskiya a cikin ku? Ni dai abin da aka rubuta na auna." Na ce, "Baba, ka yi daidai." Ba ni da wata amsa. Shi kaɗai ne a cikinmu bai yi kuskure ba.

11/ Mai gidan ma'aikaci ne, da adashi da bashin ofis yake ginin. Bulo da siminti da kuɗin lebura na rushe bangon da sake shi duk daga aljihunsa suka fita, tun da an riga an kai linta kafin a farga. Ni kuma na sha faɗa har na ƙoshi, don ni ne ƙarami. Kullum ƙarami ke shan faɗan fayil.

12/ Don haka in fara da awo, shi ya fi haɗari. Abin da mutane da yawa ba su lura ba: Revit da kansa yana hana ka rubuta lamba zalla a kan awo. Ka gwada, zai ƙi, ya ce ka sa rubutu mai bayani. Waɗanda suka ƙera shi sun san abin da ɗan Adam zai yi in aka bar shi.

13/ Amma me muka yi? Muka gano dabarar cusa wani harafi marar ganuwa kusa da lambar don ya ɗauka rubutu ne. Har bidiyo ake yi ana koyar da ita a YouTube kamar wata bajinta. Malam, wannan ƙarya ce ka yi wa gini. Matsar da bango bai kai minti ɗaya ba. In bangon ya ƙi matsawa saboda ka ɗaure shi da wani abu, to nan ne aikin yake, ka kwance.

14/ Kuma ku tuna abin da ake rubutawa a gefen kusan kowace takardar zane: a bi lambar da aka rubuta, kada a auna zanen da rula. Ma'ana mu da kanmu muka naɗa lamba sarauta. Ka naɗa ta, sannan ka sa ta yi ƙarya?

15/ Mai karɓa, kai ma ga naka. Kafin ka dasa komai a kan DWG ɗin wani, danna awo ka duba akwatin bayanansa. Akwai gurbin abin da aka auna, akwai gurbin rubutun da aka ɗora. In gurbi na biyu yana ɗauke da lamba, tsaya. A cikin Express Tools akwai DIMREASSOC, yana mayar da awo zuwa ainihin tsawonsa. Gwada shi a kan kwafi, ka ga lambobin da suka motsa.

16/ Da na san wannan a lokacin, da minti biyar sun cece mu.

17/ Sai ƙaryar da ba a yi da niyya ba: dunƙule lamba. Ka saita awonka ya riƙa dunƙulewa zuwa goma mafi kusa don zane ya yi tsaf. Ɗauki tazara uku, kowace 1234. Kowace za ta nuna 1230, jimlarsu 3690. Awon dogon layin kuma 3702 ne, zai nuna 3700. Foman ya haɗa da kalkuletar wayarsa ya ga goma ta ɓace, ya kira ka da tsakar rana.

18/ Maganin shi ne ka gina samfurin da lambobi masu tsafta tun farko, ka bar awo ya nuna milimita ɗaya-ɗaya. In ka ga 1234 a inda kake tsammanin 1200, zanen ne ke gaya maka akwai abin da ya goce. Kada ka rufe masa baki.

19/ Wani abin da ake raina shi: daga ina zuwa ina ka auna? A Revit awo na iya kama tsakiyar bango, ko fuskar bulo, ko fuskar shafe. Birkila bulo yake jerawa, mai shafe sai daga baya. In ka auna daga shafe zuwa shafe ba ka faɗa ba, kowane ɗaki zai fito da bambancin kaurin shafe biyu.

20/ Har kaurin bangon ma ba mu daidaita ba. Bulo mai inci tara, wani ya zana 225, wani 230, alhali inci tara cif 228.6 ne. Milimita biyar ba komai ba ce a bango ɗaya. Ka jera bango shida a layi, mai zane na kan 230 injiniya na kan 225, ka ga yadda ƙarshen ginin zai saɓa. Ku yi magana tun kafin a fara.

21/ Yanzu ma'auni. A saitin fitarwa akwai tambaya ɗaya: ɗigo ɗaya na DWG nawa ne? Ƙafa, inci, mita, santimita ko milimita. DWG ba ruwansa, lamba kawai yake riƙewa. 225 ɗin nan kai ne ka san milimita kake nufi.

22/ Mu kuma ƙasarmu sai a hankali: fili ana sayar da shi da ƙafa, hamsin da ɗari. Bulo da inci. Safiyo yana aiki da mita. Mai zane yana aiki da milimita. Aiki ɗaya, ma'auni huɗu. Ka ɗora gidan milimita a kan filin mita ba ka lura ba, gidan ya ninka filin sau dubu, ka yi ta neman filin a allo kamar allura.

23/ Gwajin da nake yi wa kowane fayil cikin daƙiƙa goma: rubuta DIST, auna kaurin bangon waje. Ya nuna 225, milimita. 0.225, mita. 8.86, inci. 0.74, ƙafa. Shi ke nan. Ka duba INSUNITS ma, don shi AutoCAD ke dubawa in za ka saka fayil cikin wani.

24/ In kana ganin wannan kuskuren yara ne, a 1999 NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda ɓangare ɗaya ya miƙa lissafi da ma'aunin fam, ɗayan yana tsammanin niyutan. Kowa aikinsa daidai ne a ɗakinsa. A wajen miƙa wa juna abin ya lalace.

25/ Kusa da wannan akwai maganar inda ginin yake a duniya. Safiyo zai ba ka lambobin UTM, dubu ɗaruruwa, a arewa ɗayar har ta haura miliyan. Revit kuma ba ya son samfuri ya yi nisa da cibiyarsa ta ciki, ya wuce kamar kilomita 16 sai layuka su fara rawa. Don haka ake gina samfurin kusa da cibiya, a haɗa shi da lambobin safiyo ta tsarin wuri na tarayya.

26/ Wajen fitarwa sai ka zaɓa: cibiyar ciki ko wurin tarayya. In fayil ɗin zai hau kan zanen safiyo, na biyun. Kuma ka fitar da shimfiɗar benen kanta, ba takardar bugawa mai kan sarki ba, don a takarda an riga an jera zanuka gefe da gefe, wurinsu na gaskiya ya tafi.

27/ Girman rubutu ma sikeli ke yanke shi. Rubutu mai tsayin milimita 2.5 a zanen 1:100 zai fito da tsayin 250 a DWG. A 1:50 zai fito 125. Ka fitar da bene na ƙasa a sikeli ɗaya, na sama a wani, mai karɓa ya jera su ya ga lambobin ɗaya sun ninka na ɗayan. Daidaita sikelin kafin ka danna.

28/ To, mu dawo kan leya, inda ake cin lokacin mutane.

29/ Revit ba shi da leya. Rukuni yake da shi: bango, ƙofa, taga, daɓe, da sauransu. Lokacin fitarwa yana duba wani tebur da ke cewa wannan rukunin ya tafi waccan leyar da wancan launin. Yana zuwa da tsari huɗu a shirye: na AIA daga Amurka, ISO 13567, CP83 na Singafo, da BS 1192 na Birtaniya.

30/ Wanda aka fi gani shi ne na AIA. Harafin farko fanni ne: A zanen gini, S ƙarfin gini, E lantarki, P famfo. Sai haruffa huɗu su biyo: A-WALL bango, A-DOOR ƙofa, A-GLAZ taga, S-COLS fila, S-GRID layukan jagora, A-ANNO-DIMS awo. Ka kwana biyu da shi ka haddace.

31/ Wanne ya fi? Gaskiya ban damu ba. A ofisoshin da na zauna kowane oga da nasa tsarin, wani ma ya gada ne daga ogansa tun zamanin fulofi. Abin da ya dame ni shi ne a tambayi mai karɓa. Saƙo ɗaya: "Oga, wane sunan leya kuke amfani da shi, wane ma'auni, wace shekarar AutoCAD?" Ba ka faɗi ba don ka yi tambaya.

32/ In ya turo maka jerinsa, ka zauna sau ɗaya ka cika teburin, ka sa wa saitin sunan ofishinsa, ka adana. Yana zama a cikin aikin, kana iya kwashe shi zuwa wani aikin, kana iya sa shi a tamfilet ɗinka. Wahalar yini ɗaya ce, ba ta dawowa. 'Yan ArchiCAD, naku sunansa Translator, ku ma ba ku da uzuri.

33/ Akwai wani zaɓi a saman shafin leya da kowa ke tsallakewa, alhali shi ke haifar da rabin rigimar. Tambayar ita ce: abin da ka canza wa launi ko kauri da hannu a cikin zane, yaya za a yi da shi? Hanya uku ce.

34/ Ta farko, ya zauna a leyarsa amma ya riƙe launinsa na kansa. Zane ya fito kamar yadda ka gan shi, sai dai mai karɓa ya canza launin leya ya ga wasu layuka sun yi kunnen ƙashi. Ta biyu, komai ya bi leya, a watsar da kwalliyarka. Ta uku, duk abin da ka taɓa a buɗe masa sabuwar leya.

35/ Ta ukun nan ce ke haifo A-WALL da 'ya'yansa da jikokinsa masu lamba a wutsiya, har jerin leya ya fi zanen tsawo. Ni in fayil ɗin na injiniya ne ko mai lantarki da zai shimfiɗa shi a ƙarƙashin nasa aikin, ta biyu nake zaɓa ba tare da tunani ba. Abin da yake so shi ne ya dusashe zanenka gaba ɗaya da dannawa ɗaya ya zana nasa a kai. Kwalliyarka ta tafi PDF.

36/ Amma fa tebur ba ya gyara lalaci. In ka yi dakalin ƙofar gida da bango, zai fita a A-WALL, injiniya ya ɗauka bango ne. In duk abin da ka sauko da shi daga intanet, tankin ruwa, gate, janareta, fanka, ka bar shi a rukunin gama-gari, duk za su taru a A-GENM. Wannan leyar kwandon shara ce. Ka kashe ta ka rasa tanki, ka kunna ta fanka ta rufe maka fila.

37/ Abin da ya fi burge ni a teburin, kuma ba a cika amfani da shi ba: kana iya ƙara wa sunan leya wutsiya bisa wani hali na abin. Misali matakin aiki. Tsohon bango, wanda za a rushe, da sabo, kowanne leyarsa daban. Ko bangon waje da na ciki. Ga mai aikin gyaran tsohon gida wannan ba ado ba ne. Ka haɗa su a leya ɗaya, wata rana guduma za ta sauka a bangon da ke ɗauke da dekin.

38/ Launi. Matasa da yawa suna ɗauka ado ne. A ofisoshi da dama launi ne ke yanke kaurin layi wajen bugawa, ta fayil ɗin CTB: lamba 1 ja, 2 rawaya, 3 kore, har zuwa 255, kowace da kaurin alƙalaminta. Ka fitar da launukan RGB na ƙawa, CTB bai san su ba. A buga zane ya fito bango da kujera kauri ɗaya, wasu layukan a dusashe. Zaɓi launuka masu lamba.

39/ Ka'idar da za ta rage maka rabin aiki: abin da ke kan allo shi ke fita. Don haka kada ka fitar da zanen da ka yi wa mai gida kwalliya. Kwafi shi, sa masa suna na fitarwa, ɓoye kujeru da motoci da bishiyoyi da zanen tayil, rage zurfin bayani don bango ya fito layi biyu maimakon shida. Injiniya ba ya buƙatar sanin inda ka ajiye gado.

40/ Fayil mai nauyin banza kuɗi ne fa. Data ce ta mai saukewa, man janareta ne na yaron da zai kwana yana goge bishiyoyinka ɗaya bayan ɗaya a tsohuwar laftof mai numfashi sama-sama.

41/ Sai fitaccen abin kunya: a buɗe fayil a ga kan sarki da sunan kamfani, tsakiya fayau. Dalili? Ka bar alamar da ke cewa a fitar da zanukan kan takarda a matsayin Xref. Revit ya yi fayil biyar, ka tura ɗaya. Ko ka cire alamar komai ya haɗu wuri ɗaya, ko ka tura jakar gaba ɗaya. ETRANSMIT na AutoCAD don wannan aka yi shi.

42/ Shekarar fayil ma haka. Tsarin DWG na 2018 ba ya buɗuwa a AutoCAD ɗin da ya girme shi. In ba ka san abin da mutum ke da shi ba, sauka zuwa 2013 ko 2010, layi dai layi ne. Mai karɓa kuma, DWG TrueView kyauta ne kuma yana juya shekara, ba sai ka tashi mutum da daddare ba.

43/ Ƙaramin abu amma ya shafe mu: masu rubuta sunan ɗakuna da Hausa, ina jinjina muku. Sai dai "ɗakin girki" da "banɗaki" suna da harafi mai ƙugiya. In salon rubutun da ka yi amfani da shi babu shi a kwamfutar mai karɓa, AutoCAD zai musanya da nasa, ɗ ta iya komawa alamar tambaya. Zaɓi salon da kowa ke da shi, ka duba ya fito.

44/ Na san abin da wasu za su ce. "Ai DWG ya tsufa, duniya ta koma BIM." Na ji. Birtaniya ta wajabta BIM mataki na biyu a ayyukan gwamnatin tsakiya a 2016, akwai IFC, akwai ISO 19650. Madalla. Amma ka duba mutanen da kake aiki da su a wannan satin: safiyo, mai lantarki, mai aluminiyam, mai ƙididdigar kaya. Nawa ne za su buɗe samfurinka? Da wanda ke gabanka za ka yi aiki.

45/ Wasu kuma su ce, "Ba a biya ni don gyara leya ba." An biya ka don a gina gidan daidai. Awa biyun da ka ƙi kashewa ba ɓacewa suka yi ba, ka tura su ne ga wani, kuma sun ninka, don shi sai ya yi ta cankar abin da kai ka riga ka sani.

46/ Na ukun su ne suka fi ba ni haushi, kuma na fahimci ciwonsu. Masu fasa komai da EXPLODE, su zuba a leya 0, da gangan, wai kada a sace musu zane. Satar zane gaskiya ce, ana yi, an yi min. Amma ɓarawo zai zauna ya bi layukan ya kwafa ko da hoto ka ba shi. Wanda ka cutar shi ne abokin aikinka. Awon da aka fasa ya zama layi da rubutu kawai, ba mai iya gane ko ƙarya yake.

47/ In ba ka yarda da mutum ba, ba shi PDF, ka ce DWG sai an biya. Wannan magana ce ta fili, ba wanda zai ga laifinka. Amma ka karɓi kuɗi ka miƙa gurɓataccen fayil, a'a.

48/ Mu masu karɓa ma ba waliyyai ba ne. Ba ma faɗin abin da muke so sai an turo mu fara ƙorafi. LAYTRANS na nan yana juya leyoyin wani zuwa naka, ka adana taswirar ka yi ta amfani da ita, amma mun fi son zagi a guruf. Mafi muni, mu matsar da bango a DWG don ya dace da filarmu ba mu gaya wa mai samfurin ba. Daga ranar gini ɗaya ya zama biyu.

49/ DWG ɗin da aka fitar hoton samfurin ne na wannan ranar. Gyara a samfuri ake yi, a sake fitarwa. Kuma don Allah a sa kwanan wata da lambar gyara a sunan fayil. "Na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe na gaske wallahi", duk mun gani, duk mun yi 😭

50/ Abin da nake yi yanzu kafin in tura, ko da ana jirana: in buɗe fayil ɗin a AutoCAD kamar ni ne baƙon. In auna bango ɗaya. In kashe leyar bango in ga ko duk bangwayen sun ɓace, in wani ya rage to yana inda bai kamata ba. In yi PURGE da AUDIT. In haɗa awon gefe ɗaya in ga ya yi daidai da jimla. Sannan in haɗa shi da PDF, don in fayil ya yi gardama a san yadda ya kamata ya fito.

51/ Ɗalibai, musamman 'yan aji uku da huɗu masu shirin fita koyon aiki: hoto mai ƙyalli kowa na yi yanzu. Wanda oga ba ya so ya rabu da shi shi ne wanda in ya tura fayil ba a kira a ce "me ka turo haka?" A fayil ɗinka na farko za a gane.

52/ Wani ya tambaya a ƙasa ko an gyara gidan can. An rushe bango ɗaya an sake. Ɗayan kuma mai gida ya ce kuɗinsa sun ƙare, a bar shi. Filar na nan ta leƙo cikin ɗakin yara da inci shida, kafinta ya kewaye ta da katako ya mayar da wurin ma'ajiyar takalma.